Yadda Ake Warware Tambayoyin Ƙiyasi a Jarrabawar Auna Basira

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar neman aiki a banki ko a babban kamfani zai iya tuna wata irin tambaya da ake ba mutum jimloli biyu ko uku, a ce ya ɗauke su a matsayin gaskiya, sannan a jero masa wasu jimloli a ƙasa a tambaye shi wacce ce ta biyo baya dole. A Indiya ba a cika raba jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki da irin waɗannan tambayoyi ba, a Birtaniya ma suna cikin UCAT, jarrabawar da masu neman karatun likita suke yi. Wannan shi ne ƙiyasi, kuma ba baƙo ba ne ga wanda ya yi nisa a karatun zaure, domin shi ne ƙashin bayan fannin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Aristotal, wanda ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara tsara ƙa'idojinsa, daga baya Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa su, har al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda almajirai suka sani da Ahalari, ya waƙe su. A yaren malaman manɗiƙi, jimlolin da aka bayar su ne muƙaddimomi, abin da aka fitar daga cikinsu kuwa shi ne natija, kuma da waɗannan sunaye zan ci gaba.

Abu na farko da ya wajaba ɗalibi ya koya shi ne ajiye abin da ya sani game da duniya a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa. Idan aka ce dukkan awaki tsuntsaye ne, kuma dukkan tsuntsaye motoci ne, to natijar da ta ce dukkan awaki motoci ne ta inganta, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin akuya mai taya. Masu tsara jarrabawa da gangan suke kawo irin waɗannan misalai, domin abin da suke aunawa shi ne ko mutum zai iya bin tsarin magana ba tare da sabo ya ja shi ba. Haɗarin ya fi yawa idan natijar gaskiya ce a zahiri amma muƙaddimomin ba su haifar da ita ba, saboda a nan zuciya takan yi saurin amincewa.

Jimlolin ƙiyasi kashi huɗu ne kacal: dukkan A B ne, babu A da yake B, wasu A B ne, da kuma wasu A ba B ba ne. Cikin waɗannan, kalmar "wasu" ce ta fi kayar da mutane, kuma ina ganin ya dace a daɗe a kanta. A maganarmu ta yau da kullum, idan uwargida ta ce wasu baƙi sun ci abinci, kowa zai fahimci cewa akwai waɗanda ba su ci ba tukuna, har a tashi a zuba musu. A ƙiyasi ba haka ba ne. "Wasu" na nufin aƙalla ɗaya, kuma tana iya kaiwa ga duka. Saboda haka daga jimlar "wasu ɗalibai sun ci jarrabawa" ba a da ikon fitar da cewa wasu ɗalibai sun faɗi, domin mai yiwuwa ne ajin gaba ɗaya ya ci, mai maganar dai bai faɗi fiye da abin da ya tabbatar ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce zane. Masanin lissafi Leonhard Euler ya yi amfani da da'irori wajen bayyana ƙiyasi a ƙarni na 18, sannan John Venn na Ingila ya inganta tsarin a 1880. Mu ɗauki wannan misali: dukkan manoma masu haƙuri ne, wasu masu haƙuri kuma 'yan kasuwa ne. Natijar da aka kawo ita ce wasu manoma 'yan kasuwa ne. Sai ka zana ƙaramar da'ira ta manoma a cikin babbar da'ira ta masu haƙuri, sannan ka kawo da'irar 'yan kasuwa ta ciji gefen babbar da'irar, can nesa da ta manoma. Dubi zanen da kyau: muƙaddimomin biyu duk sun cika, amma da'irar manoma da ta 'yan kasuwa ba su taɓa juna ba. Wannan zane guda ya isa ya rushe natijar. Gaskiya ne ana iya yin wani zanen da da'irorin biyu za su haɗu, amma tambayar ba ta ce wace natija ce za ta iya kasancewa ba, cewa ta yi wacce ce ba makawa sai ta kasance.

Aikin ɗalibi ke nan a kowace tambaya: ya nemi hanyar da zai karya natijar ba tare da ya saɓa wa muƙaddimomin ba. Idan ya samu ko da hanya ɗaya ce, natijar ta faɗi. Idan ya juya da'irorin ta kowace fuska ya kasa, ta tabbata. Shi ya sa ya fi kyau a fara da zanen da da'irori ba su shiga juna ba sai inda magana ta tilasta, domin wanda ya cusa su cikin juna tun da farko zai ga alaƙar da babu wanda ya faɗe ta.

Misalin da ya gabata ya nuna muhimmancin kalmar tsakiya, wato wadda ta fito a muƙaddimomin biyu amma ba ta fito a natija ba, a nan "masu haƙuri". Ita ce gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu, kuma dole ne aƙalla muƙaddima ɗaya ta yi magana a kan dukkan abin da kalmar ta ƙunsa. Jimlar "dukkan manoma masu haƙuri ne" ta game manoma, ba ta game masu haƙuri ba, ta biyun ma wasunsu kawai ta ambata, don haka gadar ba ta kai tsallake ba. Da an ce dukkan masu haƙuri 'yan kasuwa ne, da natijar ta fito ba gardama.

Sau da yawa kuma natijar da aka kawo juyin muƙaddima ɗaya ce kawai. Jimlar "babu" tana juyuwa lafiya: idan babu tela da yake mahauci, to babu mahaucin da yake tela. Haka ma "wasu A B ne". Amma "dukkan tumaki dabbobi ne" ba ta zama "dukkan dabbobi tumaki ne", iyakar abin da take bayarwa shi ne wasu dabbobi tumaki ne, kuma yawancin jarrabawoyi suna karɓar wannan saboda suna ɗauka cewa abin da aka ambata akwai shi. Ta huɗun, wato "wasu A ba B ba ne", ba ta juyuwa sam: wasu dabbobi ba raƙuma ba ne, amma babu mai cewa wasu raƙuma ba dabbobi ba ne. Kalmar "kaɗai" ma juyi ce a ɓoye. Idan aka ce masu katin zaɓe ne kaɗai suke jefa ƙuri'a, ma'anar ita ce duk mai jefa ƙuri'a yana da kati, ba wai duk mai kati yana jefa ƙuri'a ba.

Akwai tsofaffin ƙa'idoji da ke rage wa mutum aiki idan lokaci ya ƙure. Muƙaddimomi biyu masu korewa, wato masu "babu" ko "ba ... ba ne", ba sa haɗa ɓangarorin gefe biyu, haka ma biyu masu "wasu". Sannan natija tana bin mafi rauni: idan ɗaya ta kore, natija za ta kore, idan ɗaya ta tsaya a kan wasu, natija ma za ta tsaya a kan wasu. Cikin siffofi 256 da ƙiyasi zai iya ɗauka, 24 ne kawai suka inganta a tsohon lissafi, amma ba na ba kowa shawarar haddace su, domin tambaya mai muƙaddimomi huɗu za ta bar mai hadda a tsaye, mai zane kuwa da'ira ɗaya zai ƙara. Ga misalin da ke nuna amfanin zanen: babu tela da yake mahauci, dukkan mahauta kuma masu wuƙa ne. Mutane da yawa za su ce ashe babu tela mai wuƙa, alhali da'irar masu wuƙa tana iya faɗaɗa har ta shafi teloli. Abin da ya tabbata kawai shi ne wasu masu wuƙa, wato mahautan nan, ba teloli ba ne.

Saura nau'i biyu da suka zama ruwan dare a jarrabawoyin Indiya. Na farko shi ne inda natijoji biyu kowacce ta kasa tsayawa ita kaɗai, amma ɗaya kishiyar ɗaya ce, kamar "wasu manoma 'yan kasuwa ne" da "babu manomin da yake ɗan kasuwa". Tun da ba za su taɓa zama ƙarya tare ba, amsar ita ce ko wannan ko waccan. Haka abin yake tsakanin "dukkan A B ne" da "wasu A ba B ba ne". Amma "dukkan" da "babu" ba sa shiga wannan hukunci, domin idan rabin manoma ne 'yan kasuwa, duka biyun ƙarya ne. Nau'i na biyu shi ne natijar da ta zo da "mai yiwuwa ne", kuma a nan ma'aunin yana juyawa: maimakon neman zanen da zai karya ta, sai a nemi zane ɗaya da zai ɗauke ta. A misalinmu na manoma, idan aka ce mai yiwuwa ne dukkan manoma 'yan kasuwa ne, sai ka faɗaɗa da'irar 'yan kasuwa ta haɗiye ta manoma, ka sake karanta muƙaddimomin biyu, ka ga babu wadda ta karye, sannan ka zaɓi cewa natijar ta inganta.