Kurakuran da ke sa wahalar dashen itace da haƙa tassa ta tafi a banza

Duk ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace a Nijar, a Tawa za ka ga an fito da ƴan itatuwa cikin leda, an dasa, an ɗauki hoto. Ka koma wurin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ƙirga abin da ya rage. Ni kaina na taɓa dasa mangwaro shida a ƙofar gida ban kewaye su ba. Kafin a kai hatsi rumbu, awakin unguwa sun bar mini tsinke shida a tsaye. Gara ka dasa biyu, ka zagaye su da ƙaya, ka ɗauki nauyin ba su ruwa har ranin farko ya wuce. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska sun kai labari ne saboda an sa masu gadinsu suna ƙanana.

Amma kuskuren da ya fi ci mini rai a wurin sassabe ake yin sa. Mutum ya shiga gona da gatari, ya sare duk wani tohon sabara da kalgo da gawo, ya tara ya cinna wuta, wai yana son gona tas. Alhali kututturen nan yana da saiwa mai zurfi da ta riga ta ga farin 1984 ta tsira, ba ta jiran kowa ya kawo mata ruwa a bokiti. Abin yi shi ne ka duba tohon da ya fito, ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. A yi da kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama, don saran da ya gangaro ƙasa yakan ɓare bawo ya bar rauni. Kada kuma a aske reshe har kai, a bar masa ganye. Wannan dabara daga Maradi ta bazu tun 1983, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Masu cewa itace na hana hatsi su je ƙarƙashin gawo: da damina yake zubar da ganyensa, ba ya yi wa shuka inuwa, zangarniyar gindinsa ma takan fi ta fili.

Sai tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, wadda manoman Illela suka gyara bayan sun gano yadda ake yi a Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Aikin fako ce, inda ruwa ke gudu ba ya shiga ƙasa. Wanda ya haƙa ta a jigawa, iska ɗaya za ta cike masa ramukan da rairayi. Wasu kuma sai hadari ya fara haɗowa suke ɗaukar magirbi, alhali da rani ake haƙa, zurfin kamar taƙi guda, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwan. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu tun da wuri, gara ta zo ta ci, ta huda ramin ta ƙasa. Tassa babu taki rami ne kawai. Ɗanyen taki kuwa dab da shuka ƙona tsiro yake yi.

Rabin wata ma, wato ramin tare ruwa mai siffar rabin da'ira, na ga inda aka juya shi baibai. Daidai shi ne bakinsa ya fuskanci tudu, inda ruwa ke gangarowa, kuma layi na biyu ya zauna a tsakanin na farko, don abin da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa.

Kwashe kara ƙarƙaf bayan girbi, na san yunwar dabbobi ce ke sa shi, ba zan ga laifin kowa ba. Sai dai ko kaɗan a bar wani a kwance, don hunturu ya samu abin da zai riƙe masa ƙasa.

Batun iri kuma, damina ta zama mai yaudara: ruwa ya sauko a Mayu, kowa ya zuba irinsa, sai ya ɗauke mako uku. Tona ka gani ko lema ta sauka sosai kafin ka shuka, ka haɗa da iri mai saurin nuna kamar irin hatsin da ake kira HKP, kuma ka ɓoye tiya biyu a ɗaka saboda maimai.