Yadda Ake Gyara Ƙaramin Soro Ba Tare da An Toshe Hanya Ba

Soron gidan da muke haya a unguwar Gwammaja ta Kano faɗinsa ƙafa 5 ne, tsawonsa ƙafa 7. Wata uku da tarewarmu ya koma ma'ajiyar duk abin da aka rasa wurin sa shi: takalman yara, buta biyu, tsohon bokiti, kwalin da muka kwaso kaya a ciki. Ranar da surukata ta zo ganin gida, sai da ta dafa bango ta tsallake takalma kafin ta kai tsakar gida. Ba ta ce komai ba, amma na ji nauyin abin har cikin raina, domin soro shi ne fuskar gida, shi baƙo yake fara gani, wani baƙon ma iyakarsa ke nan.

Kafin ki sayi ko ƙusa ɗaya, ki fitar da komai waje ki share. Sannan ki ɗauki gawayi ko alli, ki buɗe ƙyauren waje a hankali kina zana inda bakinsa yake bi a ƙasa. Duk abin da ya faɗa cikin wannan zanen ba naki ba ne, na ƙyaure ne. Daga nan ki ja layi biyu daga ƙofar waje zuwa ƙofar ciki, tsakaninsu ƙafa 3, wato wajen santimita 90. Wannan ita ce hanya, kuma ba na yarda a ci ko inci ɗaya daga cikinta. Ta nan ɗan garuwa zai wuce da jarka biyu a hannu, ta nan buhun masara zai shiga, ta nan za a shigo da gado da katifa. Ranar da ta Allah ta kasance ma, ta nan makara za ta fita, ba a so a tsaya ana ciccire katako a irin wannan lokaci. Abin da ya rage bayan zanen nan shi ne wurin aikinki. Ni abin da ya rage mini tsiri ɗaya ne a jikin bangon hagu, bai kai ƙafa 2 ba, sai kusurwa ɗaya.

Da na ga ƙanƙantarsa sai na tuna sorayen Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano da ake danganta asalin gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ƙasan sorayen da fili ne fetal, adon yana sama, a bakan gizo da jikin bango. A tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni ko fitila ba a ajiye ta a hanya, alkuki ake fafe mata a cikin bango. Dabarar da na ɗauka ke nan: ƙasa a bar ta, bango ya ɗauki kaya.

Takalma su ne babbar matsala, don haka a kansu na fi kashe lokaci da kuɗi. Takalmin babban mutum tsawonsa yakan kai inci 11 zuwa 12, saboda haka kantar takalma mai shimfiɗe za ta ci ƙafa guda cur daga faɗin soron. Kafintan da na kira ya ba ni shawarar a karkata katakan, baya ya ɗaga sama, a sa ɗan siririn katako a gaba ya tare takalmin kada ya zame. Da haka zurfin ya dawo inci 8. Hawa uku muka yi, aka kafe ta a bango, na ƙasan ya tashi inci 6 daga daɓe. Wannan tazarar ki riƙe ta da kyau. Tsintsiya tana shiga ƙarƙashi, ruwan damina idan ya kwararo ta dokin ƙofa a watan Agusta ba ya taɓa katako, gara ba ta samun hanyar hawa cikin sauƙi, kuma kunama ba ta samun takalmin da ke kwance a ƙasa ta shige. Kada a sa wa kantar murfi. Takalmin da aka yi zufa a cikinsa idan aka rufe shi wari yake yi, kuma yaro ba zai tsaya buɗe murfi ba, a ƙasa zai watsar ya wuce. Dokar gidanmu kowa takalmi ɗaya yake da shi a soro, wanda yake sawa yau. Na sallah da na biki suna ɗaki.

Idan gidan haya ne, ki sa maigida ya nemi izinin mai gidan kafin a huda bango. Namu ya yarda da sharaɗin a toshe ramukan ranar tashi.

Sama da kantar aka kafa katako ɗaya mai ƙugiya biyar a tsayin ƙafa 5 da rabi, na makulli da laima da jakar cefane. Can gefe kuma ƙugiya biyu a ƙafa 3 don jakar Islamiyyar yara, inda hannunsu zai kai da kansu.

Wurin zama fa? Ba kowane baƙo ne yake shiga cikin gida ba, kuma bai dace dattijo ya zo gaisuwa a bar shi a tsaye ba. Benci ba zai shiga soro irin namu ba, dakali kuwa sai mai gidan kansa. Abin da ya fisshe ni tabarmar kaba ce guda ɗaya, a naɗe, a tsaye a kusurwar nan, da kujera 'yar tsuguno wadda take shigewa ƙarƙashin kanta. Baƙo ya yi sallama, yaro ya warware tabarma, a kawo ruwa. Ya tashi, a naɗe.

Madubi kuwa a nan na yi kuskuren da nake so ki kauce masa. Na ji ana cewa madubi yana sa ƙaramin wuri ya yi kamar ya faɗaɗa, kuma gaskiya ne, sai na sayi dogo na rataye shi a bangon da ke kallon ƙofar waje. Kwana biyu bayan haka na dawo daga unguwa, na tsaya a waje ina laluben makulli, ƙofar a ɗan buɗe. Ina ɗaga kai sai ga tsakar gidana a cikin madubi: igiyar shanya, turmi, da ƙanwata zaune tana tsifar kai ba ɗankwali. Jikina ya yi sanyi. Maginin da ya gina gidan ya kauce da ƙofar ciki zuwa gefe don kada na waje ya hango mata, ni kuma na zo da madubi na warware masa aiki. A daren na cire shi. Idan kina son madubi, ki sa wani ya riƙe shi a wurin da kike nufi, ki fita waje ki tsaya inda mai sallama yake tsayawa, ki matsa dama ki matsa hagu. In kin hango ko gefen tsakar gida, wurin bai yi ba. Nawa yanzu ƙarami ne, kamar faɗin faranti, a bango ɗaya da ƙofar waje, daidai fuskar mai fita ya duba hularsa ko ta gyara mayafi.

Fenti kala biyu na yi. Daga ƙasa zuwa ƙafa 4 fenti mai mai ne, ruwan ƙasa, saboda nan ne hannun yara da kafaɗar masu wucewa suke gogewa, kuma tsumma mai danshi yana fitar da dattinsa. Daga nan zuwa rufi fari ne mai ɗan ruwan madara, domin soro ba shi da taga, farin ne yake ɗaukar ɗan hasken da ke shigowa ya watsa shi. Galan ɗaya na kowanne ya isa har ya yi saura, a Ƙofar Ruwa muka sayo. Ƙwan lantarki a tsakiyar rufi, irin mai caji wanda yake ci gaba da haske bayan an ɗauke wuta.

Wata magana da ba ta ado ba ce amma ba zan tsallake ta ba: kada a kunna janareta a soro, ko da ƙofa a buɗe take. Iskar da ke cikin hayaƙinsa mai kisa ba ta da wari ba ta da launi, tana bi ta shiga ɗakuna mutane suna barci. In kuma maigida yana shigo da babur da dare, a sa faranti da yashi a ƙarƙashin injin saboda ɗigar baƙin mai, kuma kaskon turaren wuta kada ya kusanci wurin.

Ado na ƙarshe ya zo, kuma kaɗan ne. Faifai uku masu rini na zaɓo a Kasuwar Kurmi, babba ɗaya da ƙanana biyu, na jera su sama a bangon dama. Idan kina da allo mai zayyana ko rubutun addu'ar shiga gida, a ɗaga shi sama da ƙofar ciki, nesa da bangon takalma. Furen roba ban ba ki shawara ba, ƙurar hunturu tana mayar da shi toka cikin mako guda.

Labulen ƙofar ciki shi ne abin da na fi so a soron gaba ɗaya. Ƙyalle ne mai kauri da aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata, shuɗi mai duhu da fararen zobba. Ki wanke shi shi kaɗai sau biyu ko uku kafin ki rataya, don sabon rini yana zuba, zai iya ɓata farar rigar mai wucewa. Ki ce wa tela ya bar shi ya gaza ƙasa da inci 2 kada ya riƙa sharar daɓe, sannan ya ɗinke ƴan duwatsu ko siririyar sarƙa a cikin kalmasar ƙasa. Iskar Disamba tana kaɗowa ta ƙofar waje da ƙarfi, labulen da ba shi da nauyi a gindi ɗagawa yake yi har sama.