Darasi na 9: Waken da ke kashe tsutsa da kansa

Duk manomin wake ya san wannan ɓarnar. Gona ta yi kore shar, fure ya cika, sai ka ga furen yana zuba. Tsinki ɗaya ka buɗe. Za ka tarar da 'yar tsutsa fara mai ɗigon baƙi a bayanta. Idan kwanso ya fito, ga ɗan rami a jikinsa, ga kashin tsutsar a bakin ramin, wani lokaci har da zare kamar saƙar gizo ya manne kwanso biyu. Malaman gona suna kiran ta Maruka. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, yana zuba ƙwai a kan fure. A shekarar da ta yi ƙamari, tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

Wahalarta ita ce a ciki take ɓuya. Magani yana sauka a kan ganye, ita kuwa tana cikin fure tana cin abinta. Shi ya sa manomi yake feshi sau 6, wani har sau 8, kafin ya roɗe wake.

Yadda aka yi sabon irin

A cikin ƙasa akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, ana taƙaita sunanta da Bt. Tana yin wani sinadari wanda idan tsutsa ta ci, yake huda mata hanji, ta daina ci, ta mutu. Masana sun ɗauko abin da ke sa ta yin wannan sinadari, suka sa shi a cikin irin wake. Yanzu waken da kansa yake yin sinadarin, a ganye da fure da kwanso. Tsutsa na cizo, ta ci ajalinta.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta fitar da wannan wake. An amince da shi a 2019, sunansa SAMPEA 20-T. Kafin shi, a 2018, an fitar da audugar Bt a Najeriya. A 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, mai yaƙi da tsutsar da ke cin ganye da wadda ke huda kara.

Abin da ba zai yi maka ba

A nan ake yawan kuskure, sai a natsu. Wannan wake abokin gaba guda ɗaya tak ya sani, wato tsutsa. Darɓa za ta hau shi. Ƙananan ƙwarin fure za su shiga. Ƙwaro mai tsotse kwanso har ya motse, shi ma ba ruwansa da Bt. Don haka feshi bai ƙare ba, raguwa ya yi. Shawarar masu irin ita ce a yi kamar sau 2, lokacin fure da lokacin da kwanso ke fita. Wanda ya rataye injin feshinsa don ya ji an ce wake ne mai magani a jiki, zai sha mamaki ranar girbi. Bayan girbi ma ƙwaron da ke huda wake a buhu yana nan, sai ka shanya shi ya bushe sarai, ka zuba a buhu mai leda biyu a ciki, ka ɗaure tam.

Ciyawa kuma fa?

Irin da ke jure maganin ciyawa wani iri ne daban. A Amurka, tun 1996 ake noman waken soya wanda maganin ciyawa mai suna Roundup ba ya kashe shi. Manomi ya fesa a kan gona gaba ɗaya, ciyawa ta ƙone, shuka ta tsaya. Kada ka ɗauka duk abu ɗaya ne. SAMPEA 20-T ba shi da wannan kariya. Ka fesa masa maganin ciyawa mai kashe komai, zai mutu tare da ciyawar.

Can Amurka ma abin bai ɗore yadda aka so ba. Shekara da shekaru ana fesa magani ɗaya, sai wata ciyawa dangin alayyafo ta saba da shi, ta cika gonakin auduga a jihar Jojiya, har aka koma cire ta da hannu. Tsutsa ma tana sabawa. Indiya ta fara noman audugar Bt a 2002, ba a cika shekara 15 ba wata jar tsutsa ta koma cin audugar. Saboda haka ake so a bar wani ɓangare na gona da irin gida. Tsutsar da ta girma a can tana haɗuwa da 'yan tsirarun da suka tsira daga Bt, sai jurewar ta yi jinkirin yaɗuwa. Tambayi malamin gona yawan kunyar da za ka ware.

Akwai masu adawa da irin nan gaba ɗaya, akwai masu yabonsa. Manomi dai da awo yake gane gaskiya. Burkina Faso ta karɓi audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu, amma zaren ya gajarce, farashinsa ya faɗi, a 2016 aka daina. Don haka a shekarar farko kada ka ba sabon waken gonarka duka. Gwada a 'yan kunyoyi kusa da irin da ka saba.

Aikin yi

Rubuta SAMPEA 20-T a littafinka har hannunka ya saba, ka lura da harafin T a ƙarshe, don akwai wasu SAMPEA da ba su da Bt. Idan ka je sayen iri, karanta sunan a jikin leda da idonka, kada ka karɓi na kwano a kasuwa. Sannan ka ja layi biyu a shafi, ɗaya na sabon iri, ɗaya na irin gida. Duk ranar da ka yi feshi, rubuta kwanan wata da kuɗin magani. Ranar girbi, rubuta mudu nawa kowanne ya ba ka, ka kawo littafin aji.