Yadda za ka bi salsalar gidan silima har ka san hannun da ya bi

Ni tashin Kano ne, na zamanin da ake cin ado a tafi Marhaba ko Plaza kallon Indiya. Da zama ya kai ni Milton Keynes, arewa da Landan, sai idona ya tsaya a kan wani ginin gilashi da aka kifa wa ƙarfe mai jan fenti mai siffar dala. The Point sunansa. An buɗe shi a Nuwamban 1985 da zaurukan kallo goma, lokacin da harkar silima a Birtaniya ke gargara, don a 1984 tikiti miliyan 54 kacal aka sayar a ƙasar baki ɗaya. An daina nuna fim a cikinsa a Fabrairun 2015. Na shafe watanni ina tono hannayen da ya bi, ga kuma hanyar da zan ɗora duk mai son yin irin wannan aiki.

Kafin komai, ka sayi littafin rubutu ka raba kowane shafi gida uku: mai ginin, mai gudanar da silimar, da sunan da ke jikin allo. Mutane kan haɗe ukun su zama abu ɗaya, daga nan lissafi ke ɓacewa. Kamar shagon kasuwa ne: mai shago daban, ɗan haya daban, wani lokacin ɗan hayar ma ya ba wani.

Fara da sunan allo, shi ya fi sauƙi. Je ɗakin karatu na gari ka nemi tsofaffin jaridun yankin, ka buɗe shafin da ake jera finafinan mako. Makon da suna ya canza a wannan talla, ka rubuta kwanan watan. A The Point sunayen kamfanonin silima huɗu ne: AMC ta Amurka wadda ta buɗe shi, sai UCI daga ƙarshen shekarun 1980, sai easyCinema daga 2003 zuwa 2006, sai Odeon har rufewa. Shafin Cinema Treasures na intanet zai taimaka maka da hotuna, amma 'yan kallo ne ke cika shi, don haka kowace shekara ka gani a can ka gwada ta da jarida.

Gida na biyu, wato mai gudanar da silimar, shi ne mai cin rai, shi ne kuma mai daɗin. Duk wanda ya ga allon easyCinema mai ruwan lemo zai ɗauka Stelios Haji-Ioannou, wanda ya kafa kamfanin jiragen easyJet, ya saye wurin. Haya ya karɓa daga UCI. Ya kawo tsarin jiragensa: ka sayi tikiti ta intanet da wuri ka same shi da araha, har kwabo 20 na kuɗin Ingila. Manyan kamfanonin raba finafinai suka ƙi sakar masa sababbin fim yadda yake so, kasuwar ba ta ɗore ba. Ana cikin haka, a 2004, kamfanin zuba jari na Terra Firma ya saye UCI da Odeon duka ya haɗe su. Shi ya sa da Stelios ya tattara nasa ya nasa, wurin ya farka da sunan Odeon ba tare da an yi wani sabon ciniki a kansa ba. Ba za ka gane wannan daga jikin bango ba. Sai ka bi labaran kasuwanci, ka kuma duba rajistar kamfanoni, Companies House, wadda kyauta ce a intanet.

Mai ginin kuwa, hukumar rajistar filaye, Land Registry, za ta ba ka takarda da ɗan kuɗi kaɗan. Takardun neman izinin gini ko rushewa da ke ofishin ƙaramar hukuma su ma suna ɗauke da sunan mai wuri. Ta nan ake cin karo da Hammerson, kamfanin gidaje da ya nemi rushe The Point tun Odeon na ciki.

Kada ka manta da maƙwabta. A 2000 kamfanin silima na Cineworld ya buɗe zauruka 16 a cibiyar shaƙatawa ta Xscape, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa. A ganina tun ranar The Point ya fara ciwon ajali, sauran duk jinya ce.

Sai ka koma ga mutane, kuma ka gaggauta. Masu yanka tikiti, masu sayar da gugguru, masu harba majigi, sun manyanta. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya. Shekara takan kuɓuce musu, amma ka tambaye su kalar rigar aikin da suka sa da sunan da ke kan takardar albashinsu, za su faɗa maka tiryan-tiryan, kai kuma ka nemo shekarar a littafinka. Abin da ke cina a rai shi ne ban yi wa silimun Kano irin wannan ba tun dattawansu na da ƙarfin hira.

Ka bar shafi ɗaya fari a ƙarshen littafin, don ciniki ba ya tsayawa da rufe ƙofa. A 2016, shekara guda bayan an kashe majigin The Point, AMC ta sayi Odeon da UCI a kan fam miliyan 921. Sai da na koma shafin farko na ja layi daga sunan da na fara rubutawa zuwa na ƙarshe.