Yadda Ake Yanka Hanyar Kare Wutar Daji a Lokacin Bazara

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ciyawa ta bushe ƙamas, guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye gona.

Ka share fili mai faɗin mita 3 zuwa 5 kewaye da gona ko rumbu. Sa fartanya ka kankare har sai jar ƙasa ta fito, ka kwashe tarkacen da manjagara. Sassabe kaɗai ba ya wadatarwa, domin wuta na bin guntayen ciyawa ta tsallake. A gangare ƙara faɗin, saboda wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu.

Tarin kara da harawa su yi nesa da ɗaki, aƙalla mita 10.

In ƙona shara ya zama dole, a yi da sassafe kafin iska ta taso, da ruwa da jiƙaƙƙen buhu a hannu. Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan an gama: kututture da busasshen kashin shanu kan riƙe garwashi har washegari, iska na kaɗawa su farfaɗo. Tona su, zuba ruwa, sannan ka kara bayan hannunka kusa da tokar. In da ɗumi, ƙara ruwa.