Yadda Ake Ƙera La'anannen Kambi a Wasan Labari na Kan Tebur

A wasannin labari na kan tebur irin Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fara fitarwa a 1974, jagoran wasa shi ne mai ɓoye kayan sihiri a kango da kogo da taskar sarakunan da suka shuɗe, kuma a cikin kayan nan babu wanda ya fi saurin lalacewa a hannun jagora kamar abu mai la'ana. Yawanci abin da ke faruwa shi ne, ɗan wasa ya ɗora kambi a kan jaruminsa, jagora ya sanar da shi cewa ƙarfinsa ya ragu kuma kambin ya ƙi cirewa, sai dukan tawaga ta bar abin da take yi ta bazama neman mai karya sihiri. Zama ɗaya ko biyu an rabu da shi, kuma babu wanda zai ƙara tunawa da shi. Kambin da ya cancanci wahalar ƙirƙira shi ne wanda mai shi ya san yana cutar da shi, yana da hanyar rabuwa da shi, amma duk da haka yake cewa a bari sai bayan yaƙi na gaba.

Kafin ka rubuta komai, ka san iyakar da dokoki suka shata. A bugu na biyar na wannan wasa, wanda ya fito a 2014, jarumi ba ya iya ƙulla alaƙa, wato haɗin da ke sa sihirin wasu kaya ya yi masa aiki, da kayan sihiri fiye da uku a lokaci guda, kuma ƙulla alaƙar na cin gajeren hutu, wato aƙalla awa ɗaya a lokacin cikin labari. Sihirin tantance kaya galibi ba ya tona la'ana, sannan wanda ya ƙulla alaƙa da la'anannen abu ba ya iya warware ta don kansa. Sai dai akwai sihirin cire la'ana, wanda matsafin da ya kai mataki na 5 a matakan ƙarfin jarumi zai iya samu, kuma shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan labarai tun ba su yi nisa ba. Saboda haka ka sanya kambinka a ajin manyan kayan tarihi, waɗanda dokokin kansu suka ce ba a hallaka su sai ta wata hanya ta musamman, ka kuma rubuta tun farko abin da sihirin cire la'ana zai yi masa. Shawarata ita ce ka bar sihirin ya yi aiki rabi: ya ba jarumi damar sauke kambin, amma kada ya goge abin da kambin ya riga ya ɓata. Idan ka toshe ƙofar gaba ɗaya, ɗan wasa zai ji an ɗaure shi ne, kuma wanda aka ɗaure ba a cewa ya zaɓa.

Daga nan sai tarihi, kuma jimla uku ko huɗu sun wadatar: wa ya sa aka ƙera shi, me yake so, me ya samu. La'anar ta fito daga cikin wannan buƙata, kada ta zama wata cuta da aka liƙa daga waje. Kambi kayan mulki ne, don haka la'anar da ta dace da shi ita ce wadda ta shafi umarni da biyayya da amana. Ciwon kai ko raunin hannu takobi ma zai iya jawo su. Ga misalin da za mu bi har ƙarshe, Kambin Na'am. Wani sarki ne ya gaji da musun fadawansa, ya sa aka ƙera masa kambin azurfa mai duwatsu bakwai domin duk abin da ya faɗa a amsa masa da na'am. Ya samu abin da ya nema, har ta kai babu mai iya faɗa masa cewa rundunarsa ta watse, kuma abokan gaba suka shiga birni yana zaune yana sauraron labarin nasara.

Kyautar kambin dole ta yi daɗi sosai, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma idan ba abin kwaɗayi babu mai buɗe ƙofar. Ka ba mai sanye da shi ƙarin maki 2 a kwarjini, har ya iya haura iyakar 20 da aka saba zuwa 22. Ka ba shi fifiko a duk jifan da ya shafi lallashi ko tsoratarwa, wato ya jefa dayis mai fuska ashirin sau biyu ya ɗauki mafi girma. Babbar kyautar kuwa ita ce umarni: sau uku a rana yana iya ba wanda ke jin muryarsa umarni na jimla ɗaya, shi kuma wancan ya yi jifan tsira na hikima, wato ya jefa dayis ɗin ya haɗa da ƙarin da yake da shi a hikima, sai ya kai 17 zai kuɓuta. Mai gadin ƙofa da ba shi da wani ƙari a hikima fuska huɗu kawai ke fisshe shi cikin ashirin, wato kashi 20 cikin ɗari, don haka kusan kullum ƙofa za ta buɗe. Irin wannan ƙarfi ya fi dacewa da tawagar da ta wuce mataki na 8 ko kusa da haka. A hannun sababbin jarumai zai haɗiye duk wata matsala da ka tanada.

La'anar ita ce inda ya kamata ka daɗe. Ka riƙe ƙidaya a ɓoye: duk umarni uku da suka ci, dutse ɗaya ya yi baƙi. Da dutse na farko ya dushe, duk wanda kambin ya taɓa tanƙwarawa ba zai ƙara iya faɗa wa mai kambin labari mara daɗi ba, ko da yana so. Kada ka sanar da wannan a tebur, ka nuna shi. A ce jarumin ya taɓa tilasta wa wani ɗan leƙen asiri ya bi shi, yau kuma ya aike shi duba hanyar kwazazzabo. Mutumin ya dawo rigarsa a yage, jini na bin hannunsa, dokinsa babu. Jarumin ya tambaye shi yadda hanya take, sai ka amsa da muryarsa cikin natsuwa: "Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe, ko tsuntsu ban gani ba." Sannan ka juya ga sauran 'yan wasa ka ce musu leɓɓansa na rawa, idonsa na kan ƙasa. Daga wannan lokaci tebur ya rabu gida biyu, masu ganin jini da mai jin "lafiya ƙalau", kuma kai jagora ba ka ƙwace komai daga hannun kowa ba.

A dutse na uku abin ya bazu ga duk wanda ya rusuna wa mai kambin ko ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da shi, ko da ba a taɓa ba shi umarni ba. Mai masauki zai ce ɗaki kyauta ne alhali yana rubuta bashi, mai magani zai ce raunin ya warke alhali yana ruɓa. A dutse na biyar kunnen jarumin kansa ya lalace: idan aka ce masa a'a, na'am yake ji. Wannan mataki yana buƙatar dabara, domin ɗan wasan yana zaune yana jin abin da abokansa ke faɗa da kunnensa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka miƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da abin da jaruminsa ya ji, ka bar shi ya taka rawar. 'Yan wasa da yawa suna jin daɗin wannan fiye da yadda jagora ke zato, muddin an gaya musu gaskiya a gefe.

Dutse na bakwai shi ne wurin da jagorori suka fi yin ɓarna, domin al'adar ita ce a ce kambin ya mallake jarumin, jagora ya karɓe takardar bayanan jarumin ya mayar da shi mugun da tawaga za ta yaƙa a labarin. Ana iya yin haka, amma sai da yardar mai jarumin, kuma yardar da aka nema tun dutse na uku ko na huɗu, ba a daren da abin zai faru ba. Mutum ya yi watanni yana gina jaruminsa, ƙwace shi ba tare da shawara ba kan kashe sha'awar wasan gaba ɗaya. Haka nan ka yanke hukunci a fili kan ko umarnin kambin na aiki a kan jaruman sauran 'yan wasa. Ni ina ganin kada ya yi, sai dai in dukan tebur ya amince, domin rigimar da ke tashi daga nan ba ta tsayawa a cikin labari.

Adalci kuma yana buƙatar a ga alama kafin a sa kambin. Tun da sihirin tantancewa ba zai faɗi la'anar ba, wurin da aka tsinci kambin ne zai faɗe ta. Ka cika ɗakin ajiyar fadar da wasiƙun hakimai, kowace tana ba da labarin damina mai albarka da nasara a fagen daga, har da wadda aka rubuta ranar da birnin ya faɗi, alhali rumbunan da tawaga ta wuce a hanya babu ko ƙwaya. Ɗan wasa mai lura zai haɗa biyu da biyu, wanda bai lura ba kuma daga baya zai tuna cewa an nuna masa. Ka tanadi kati biyu, ɗaya mai kyaututtuka ka ba shi, ɗaya mai matakan la'ana da ƙidaya da sunayen duk waɗanda aka tanƙwara ka riƙe a bayan allonka, domin bayan zama goma ba za ka tuna wane mai gadi ne aka umarta a wane gari ba.

Hanyar hallaka kambin ta zama kishiyar abin da yake bayarwa. Wuta ba ta narka shi, guduma ba ta fasa shi, kuma idan aka jefa shi a teku wani zai tsince shi a gaɓa. Abin da ke raunana shi shi ne mai kambin ya koma wurin mutanen da ya tanƙwara, ya nemi kowane ya ba shi umarni, ya kuma cika shi da hannunsa ba tare da sihiri ba. Duk umarnin da ya cika, dutse ɗaya ya washe, bakin mutumin kuma ya buɗe. A nan ne jerin sunayen da ka riƙe zai biya ka, domin ɗan leƙen asirin da ya rasa dokinsa yana da abin da zai nema, mai masaukin ma haka, kuma kowace buƙata tana iya zama zama guda cikakke. Ka sa aƙalla ɗaya daga cikinsu ya mutu ko ya koma ɓangaren abokan gaba, domin tawaga ta yi tunanin yadda za a biya wanda ba ya nan. Idan duwatsun bakwai suka washe, kambin zai karye a hannun wanda bai taɓa rusuna masa ba, kuma yana da kyau ka duba tun yanzu ko akwai irin wannan mutum a cikin tawagar, in babu ka shigar da shi labarin tun kafin dutse na uku ya yi baƙi.