Yadda Sojan Sama Zai Kare Kansa Daga Zafin Bazara a Filin Jirgin Katsina

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Katsina kan haura digiri 40, kuma wanda ke aiki a tsakar filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua zafi biyu yake sha, na rana da wanda kankare ke mayarwa sama. Makanikai da masu zuba mai da masu ɗora makamai su suka fi daɗewa a wurin, kuma aikinsu ba ya karɓar kuskure, domin kusa ɗaya da aka manta ba a ɗaure ba tana iya jawo asarar jirgi da matuƙinsa.

Shiri yana farawa ne tun da dare. Jami'i ya sha ruwa sosai kafin ya kwanta, ya samu barcin da bai gaza awa 7 ba idan aiki ya bari. Da asuba ya dubi fitsarinsa: idan ya yi duhu kamar shayi, jikinsa na bin sa bashin ruwa, sai ya biya kafin ya fita. Wannan dubawa na da muhimmanci a Katsina musamman, saboda iskar bazara busasshiya ce, gumi na bushewa tun kafin a gan shi, mutum ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Wanda aka sauyo daga gari mai sanyi irin Jos yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba, don haka a riƙa ƙara masa aiki sannu a hankali.

Idan an fita fili, a sha kimanin kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, ba sai an ji ƙishirwa ba, amma kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa guda. Ranar da gumi ya yi yawa a haɗa da ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A zuba ruwan a gora mai murfi. Ledar fiya wata ba ta da gurbi kusa da jirgi, don iska na iya ɗaukar ta injin ya zuƙe, haka ma hular da ba a ɗaure ba. Mai azumi ya sanar da shugabansa, a mayar da aiki mai nauyi zuwa sassafe. Abin toshe kunne yana da takura a cikin zafi, amma kada a cire shi, domin jin da ƙarar inji ta lalata ba ya dawowa.

Matakin da ya fi kowanne nauyi a ganina shi ne kowa ya sa ido a kan abokin aikinsa, saboda wanda zafi ya buga shi ne na ƙarshen ganewa. Ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiya alamu ne na farko, maganinsu inuwa da ruwa da hutu. Amma idan mutum ya fara tangaɗi, ko aka tambaye shi ya ba da amsar da ba ta dace ba, ko ya hau faɗa babu dalili, ransa ne ke cikin haɗari. A kai shi inuwa nan take, a cire masa kaki da takalmi, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A ci gaba da sanyaya shi a cikin mota har a isa asibitin da ya fi kusa. Ga waɗanda ke Daura, akwai asibitin Rundunar Sojan Sama da aka buɗe a 2019.

Duk wanda ya tashi da zazzaɓi ko gudawa, ko ya sha maganin mura mai sa barci irin Piriton, ya faɗa wa likitan sansani kafin ya taɓa jirgi, domin likita ne zai yanke ko ya fita fili ranar ko ya zauna.